Tommy McCook: Mabushin da ya raina kiɗan garinsu, daga baya ya zama ginshiƙinsa

A farkon shekarar 1962, wani mai busa saksofon ɗan kusan shekara 35 ya sauka a Kingston, babban birnin Jamaika, bayan ya shafe shekara takwas yana ci-rani a tsibiran Bahamas. Ya tarar garin ba yadda ya baro shi ba. Ƙasar na shirin karɓar ƴancin kai daga Ingila a watan Agusta, kuma a unguwannin talakawa wani sabon kiɗa mai sauri ya kama matasa, wanda aka raɗa wa suna ska. Masu buga faya-fayai suka yi ta zarya wurinsa, suna son ya shigo situdiyo ya busa musu. Ya ƙi. Masu rubuta tarihin kiɗan Jamaika sun ruwaito cewa a lokacin yana ɗaukar kansa mutumin jazz ne, shi kuwa wannan kiɗa na ƴan unguwa bai kai ya ɓata numfashinsa a kansa ba.

Sunan mutumin Tommy McCook. Shekara biyu bayan wannan ƙi, shi ne ke jagorantar Skatalites, ƙungiyar makaɗan da ta fi kowace tasiri a tarihin tsibirin.

A fada-fadar samari a Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai, inda ake dafa shayi rege na tashi daga ƴar lasifika, da wuya a samu wanda bai san fuskar Bob Marley ba. Amma idan aka tambayi wa ke busa ƙahonin nan da ke amsa wa mawaƙi a tsofaffin waƙoƙin Jamaika, sai a yi shiru. A ɗimbin waɗannan faya-fayai, daga 1963 har ƙarshen shekarun 1970, McCook ne ke busawa, ko kuma shi ya tsara abin da sauran mabusa za su busa.

Makarantar sistoci

An haifi McCook a watan Maris na 1927. Yana ɗan shekara 11 ya fara riƙe saksofon a makarantar Alpha Boys School da ke kan titin South Camp a Kingston. Makaranta ce ta sistocin cocin Katolika, wadda a wancan lokaci ke ɗaukar marayu, ƴaƴan matalauta, da yaran da suka gagari iyayensu. Ana koya musu sana'o'i irin su kafinta, ɗinki da aikin ɗab'i, sannan akwai ƙungiyar busa ta makaranta mai horo irin na soja. A nan yaro ke koyon karanta kiɗa a rubuce, alama bayan alama, kafin a bar shi ya nuna gwaninta. Wata sista mai suna Mary Ignatius Davies, wadda ta shiga makarantar a 1939 ta kuma zauna cikinta har rasuwarta a 2003, ta shahara da tara faya-fayai tana kunna wa yaran, har da na jazz ɗin Amurka.

Saksofon dai wani ɗan Beljiyam, Adolphe Sax, ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajista a 1846. Jikinsa na ƙarfen tagulla ne, amma abin da ke ba da amo ɗan siririn falle ne na kara da ake ɗaurewa a bakinsa, mabushi ya sa numfashi ya karkaɗa shi. Ta wannan fuska ɗan uwan algaita ne, sai dai algaita falle biyu gare ta, shi kuwa ɗaya. Wanda McCook ya riƙe shi ne ake kira teno, mai amo matsakaici da ya yi kusa da muryar namiji baligi.

A 1943, yana ɗan shekara 16, ya bar makaranta ya shiga ƙungiyar Eric Deans, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin kiɗan rawa na Jamaika a wancan zamani. Aikinsu shi ne kwaikwayon manyan makaɗan Amurka irin su Count Basie da Duke Ellington a otal-otal da gidajen rawa, domin masu kuɗi da baƙi ƴan yawon buɗe ido.

Ƙasar ƙarama ce, mabusa sun yi mata yawa, kuɗin kuma kaɗan. Saboda haka gwanayen Alpha suka dinga ficewa ɗaya bayan ɗaya. Dizzy Reece ya tafi Turai a 1948, Joe Harriott ya sauka Landan a 1951, Wilton Gaynair ya ƙare a Jamus. McCook bai yi nisa kamarsu ba: a 1954 ya karɓi aikin busa a Nassau, babban birnin Bahamas. Daga can ne ya leƙa Miami a Amurka, inda ya fara jin busar John Coltrane. Wannan ji ya sauya masa tunani gaba ɗaya. Coltrane na busawa ne kamar mai neman wani abu da bai samu ba tukuna, yana zuba sautuka a jere cikin sauri, yana faɗaɗa kari har ya kusa tsinkewa. McCook ya koma Nassau da burin ya zama irin wannan mabushi, kuma da wannan buri ya dawo gida a 1962.

Yadda aka shawo kansa

Wanda ya fi nacewa shi ne Clement Dodd, da aka fi sani da Coxsone, mai kamfanin da ya zama Studio One. Dodd ya fara ne da sana'ar kafa manyan lasifiku a fili, yana kunna faya-fayan da ya sayo daga Amurka, jama'a na biya su yi rawa. Da irin kiɗan da Jamaikawa ke so ya fara ƙaranci a Amurka, sai shi da abokan gasarsa suka koma ɗaukar nasu a gida. Shi kansa masoyin jazz ne, don haka ya san ta inda zai ɓullo wa McCook: ya ba shi damar ɗaukar faifan jazz zalla tare da wasu gwanayen garin, wanda aka fitar da sunan Jazz Jamaica. Daga nan ƙofa ta buɗe. A ƙarshen 1963 McCook ya yi busarsa ta farko a kan ska.

Me ya sa ya raina kiɗan tun farko? Ska abu ne mai sauƙin gini. Idan mutum na buga ƙafa yana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, gita da fiyano na sara ne a daidai lokacin da ƙafar ke sama, haka za su yi ta yi ba sauyi har waƙa ta ƙare. Ga wanda ya saba da sarƙaƙiyar jazz, wannan kamar a ce wa mahaddaci ya koma babbaƙu ne.

Abin da McCook da abokansa suka gano shi ne, wannan sauƙin fili ne buɗaɗɗe. A jazz, makaɗa kan fara da kari ɗaya da kowa ya sani, su busa shi tare, sannan a sakar wa kowane mabushi fage ya ƙirƙiri abin da ya zo masa nan take, a ƙarshe a dawo kan karin farko a rufe. Wannan tsari suka ɗauko suka ɗora a kan bugun ska. Mai rawa na samun abin takawa, mai saurare kuma na samun abin da zai bi da kunne. Da dama daga cikinsu kan hau tudun Wareika da ke gabashin Kingston, su kwana suna busa tare da masu gangunan Rasta na Count Ossie, kuma ana jin nauyin waɗannan ganguna da karinsu mai kama da juyayi a cikin abin da suka ɗauka daga baya.

Wata goma sha huɗu

A tsakiyar 1964 aka kafa Skatalites a hukumance. McCook da Roland Alphonso na riƙe da saksofon teno, Lester Sterling na da ƙaramin saksofon alto, Don Drummond na busa tarombon, Johnny Moore na busa tarampet. Lloyd Knibb ke kan ganguna, Lloyd Brevett kan bas, Jah Jerry kan gita, sai wani matashi da bai kai shekara 17 ba, Jackie Mittoo, a kan fiyano. Huɗu daga cikin mabusan biyar ƴan Alpha ne. Aka ba McCook jagoranci, kasancewar ya iya tsara kiɗa a rubuce.

Da dare suna wasa a gidajen rawa irin su Bournemouth, da rana suna situdiyo. Kusan duk wani mawaƙi da ya yi suna a lokacin, su ne suka raka shi: Prince Buster, Toots and the Maytals, Jimmy Cliff, da wasu samari ƴan unguwar Trench Town da ake kira Wailers, wato Bob Marley, Peter Tosh da Bunny Wailer. Waƙar da ta fara fito da Wailers, Simmer Down, makaɗan wannan rukuni ne suka kaɗa ta.

Duk da haka, da gwamnatin Jamaika ta tashi tura wakilai su nuna ska a babban baje kolin duniya na New York a 1964, ƙungiyar Byron Lee ta tura, wadda ta fi karɓuwa a wurin masu hali. Waɗanda suka gina kiɗan aka bar su a gida. Har yau masana kiɗan tsibirin na kawo wannan a matsayin misalin yadda manyan gari ke kallon ƴan unguwa da masu alaƙa da Rasta.

Sai kuma masifa ta afko. Don Drummond, wanda ya fi kowa baiwar ƙirƙirar kari a cikinsu, ya daɗe yana fama da taɓin hankali. A ranar 1 ga Janairun 1965 ya kashe budurwarsa Anita Mahfood, shahararriyar mai rawa da ake kira Margarita. Kotu ta tura shi asibitin masu taɓin hankali na Bellevue, inda ya rasu a 1969. Ƙungiyar ta ci gaba da lallaɓawa na ƴan watanni, ga rigimar kuɗi, ga gasa tsakanin McCook da Alphonso, har ta watse a watan Agustan 1965. Rayuwarta duka ba ta wuce wata goma sha huɗu ba. Ɗaya daga cikin kaɗe-kaɗensu, Guns of Navarone, ya shiga jerin waɗanda aka fi saya a Ingila a 1967, lokacin da babu ƙungiyar ma.

Bene a kan shagon giya

Alphonso da Mittoo suka zauna wurin Dodd. McCook ya tsallaka wurin babban abokin gasarsa, Duke Reid, tsohon ɗan sanda mai yawo da bindiga a ƙugu, wanda ya gina situdiyon Treasure Isle a saman shagonsa na sayar da giya a titin Bond. A nan ya kafa ƙungiyar Supersonics, ya zama mai tsara kiɗan gidan.

Wannan ne lokacin da ya fi nuna ko shi wane ne, ko da yake shi ne lokacin da ya fi rage busa. Daga 1966 kiɗan Jamaika ya sassauta gudu, aka shiga zamanin da ake kira rocksteady. Bas ya fito gaba yana tafiya da nasa kari, mawaƙa masu haɗa murya uku suka karɓe fage, ƙahoni suka koma baya. Mabushin da ya yi mafarkin zuba sautuka irin na Coltrane sai ga shi da ƴan daƙiƙu a farkon waƙa da ƴan daƙiƙu a tsakiya. Abin da ya yi da waɗannan daƙiƙu shi ya sa faya-fayan Treasure Isle suka fita daban: gajeren kari na buɗewa wanda da an ji shi an san waƙar, amsa mai taushi a bayan muryar mawaƙi, wani lokaci kuma ya ajiye saksofon ya ɗauki sarewar Turawa. Alton Ellis, Phyllis Dillon, Paragons, Techniques da Melodians duk sun yi manyan waƙoƙinsu a wannan bene.

Waɗannan kaɗe-kaɗe sun sake rayuwa ta biyu. A 1970 Duke Reid ya ɗauko tsofaffin faya-fayan, aka rage muryoyin mawaƙa, wani mai surutu a lasifika da ake kira U-Roy ya dinga zuba magana a kansu. Uku daga ciki suka riƙe matsayi na ɗaya, na biyu da na uku a Jamaika a lokaci guda. Wannan salo na magana a kan kiɗa yana daga cikin tushen abin da ya zama rap a New York, wanda matasan Nijar suka runguma daga baya da harsunansu.

Aiki da yawa, suna kaɗan

A nan ne tarihin McCook ke taɓa wani ciwo da makaɗa a ko'ina suka sani. A Kingston ta wancan zamani, ana biyan makaɗi ne kuɗin waƙa ɗaya, a ranar da aka ɗauke ta, shi ke nan. Faifan na furodusa ne. Ko an sayar da dubu ɗari, ko an sake ɗora wasu mawaƙa goma a kan kiɗan, wanda ya ƙirƙiri karin ba ya ganin ƙari. Sau da yawa ma sunan furodusa ake rubutawa a gurbin marubucin waƙa, sunayen makaɗa kuwa ba sa fitowa ko kaɗan. Sai a 1993 Jamaika ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka da ta dace da zamani, lokacin McCook na da shekara 66.

Hanyar tsira ita ce yawan aiki. Cikin shekarun 1970, da rege ya kafu, McCook ya zama kamar ɗan tasi na situdiyo: yau yana wurin Bunny Lee tare da Aggrovators, gobe yana Channel One tare da Revolutionaries, ƙungiyar su Sly Dunbar mai ganguna. Busarsa na cikin faifan Right Time na Mighty Diamonds da ya fito a 1976, da Two Sevens Clash na Culture a 1977, biyu daga cikin faya-fayan da masoya rege ke ɗauka a matsayin ginshiƙai.

A tsakanin wannan zirga-zirga ne ya samu sararin yin abin da ya fi kusa da zuciyarsa. A ƙarshen 1973, shahararren mai busa sarewa na jazz ɗin Amurka, Herbie Mann, ya ɗauki faifai a Landan tare da McCook da makaɗansa, ya fito a 1974 da sunan Reggae. A 1975 McCook ya fitar da Brass Rockers, inda yake busawa a kan kaɗe-kaɗen Bunny Lee da King Tubby ya sarrafa. Tubby gyaran rediyo da lasifika ya iya, kuma shi ya ƙware a salon dub: a cire murya, a bar ganguna da bas tsirara, a sa amsa-kuwwa ta dinga maimaita sauti har ya ɓace. Wannan ya dace da McCook fiye da duk wani abu da aka taɓa ba shi. Fili ya buɗe, babu mawaƙin da zai jira, sai shi da bas. Maimakon ya cika filin da sautuka, sai ya dinga sakin jimla ɗaya doguwa, ya yi shiru ya bar amsa-kuwwar ta gama, sannan ya ɗora. Faifan Reggae in Jazz na 1976, da Blazing Horns da ya yi da mai tarampet Bobby Ellis ƙarƙashin furodusa Yabby You, duk a wannan layi suke.

Ba duka ne suka yi armashi ba. Wasu daga cikin faya-fayan nan an ɗauke su cikin gaggawa, a kan kiɗan da aka riga aka yi wa wasu waƙoƙi, kuma ana ji. Masu tsaurin ra'ayin jazz ma ba su taɓa ƙirga shi a sahun manyansu ba, domin a wurinsu kiɗan da ke maimaita kari ɗaya na bas daga farko har ƙarshe bai cika jazz ba. Amma idan aka dubi makomar waɗanda suka riƙe jazz zalla, lissafin na canzawa. Joe Harriott, wanda masana ke ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin mabusa mafi zurfin tunani da Birtaniya ta taɓa gani, ya rasu a Southampton a 1973 cikin talauci, yana ɗan shekara 44. McCook da ya dawo gida ya sunkuya wa kiɗan ƴan unguwa, shi ne busarsa ta zagaya duniya, ko da yake akasari ba tare da sunansa a jiki ba.

Ci-rani na biyu

Daga ƙarshen shekarun 1970 aikin mabusa ya fara ja baya a Kingston. Furodusoshi sun gano cewa za a iya yin waƙa ba tare da biyan mutum uku ko huɗu masu ƙaho ba, kuma da na'urorin kiɗa na lantarki suka shigo a tsakiyar shekarun 1980, sai ƙofar ta ƙara ƙuntata. Abin mamaki, a daidai lokacin ne ska ya farfaɗo a waje. A Ingila, daga 1979, ƙungiyoyin matasa farare da baƙaƙe irin su Specials da Madness suka tono tsofaffin kaɗe-kaɗen Jamaika, har Specials suka ɗauki wani tsohon ɗan Alpha, Rico Rodriguez, yana busa musu tarombon.

A 1983 aka lallashi tsofaffin Skatalites suka sake haɗuwa domin bikin Reggae Sunsplash a Montego Bay, shekara 18 bayan watsewarsu. A 1984 suka yi wasa a Landan, suka fitar da faifan Return of the Big Guns. Daga tsakiyar shekarun 1980 McCook ya koma Amurka da zama, sauran ma suka biyo ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya dawo daga ci-rani yana ɗan shekara 35 ya sake ɗaukar jaka yana dab da 60. A wannan karon masu sauraronsa ɗaliban jami'a ne a Amurka, da matasa a Turai da Japan, waɗanda ba a haife su ba lokacin da aka ɗauki kaɗe-kaɗen da suke rawa da su.

A 1994 ƙungiyar ta fitar da Hi-Bop Ska domin cikarta shekara 30. A cikin baƙin da suka busa tare da su akwai manyan jazz na Amurka, David Murray mai saksofon, Lester Bowie mai tarampet da Steve Turre mai tarombon, ga kuma Monty Alexander, ɗan Jamaika mai fiyano. Shekara 32 bayan McCook ya ƙi ska saboda jazz, mutanen jazz ne suka zo suka tsaya a kan bugun ska suna jiran a ba su fage. Faifan ya shiga takarar kyautar Grammy, haka ma wanda ya biyo bayansa, Greetings from Skamania na 1996.

Lafiyarsa ba ta bar shi ya ci moriyar wannan da yawa ba. A tsakiyar shekarun 1990 aka yi masa aikin zuciya, ya daina bin ƙungiyar yawon wasa. Ya rasu ranar 5 ga Mayun 1998 a yankin Atlanta da ke jihar Georgia, yana da shekara 71. Wata shida bayan haka, a Nuwamba, Roland Alphonso, abokin busarsa kuma abokin gasarsa, ya rasu a Los Angeles. Lester Sterling, na ƙarshe a cikin mabusan farko, ya rasu a 2023.

Skatalites na nan har yanzu da sababbin makaɗa, suna yawo ƙasa-ƙasa. Sun saba buɗe wasa da ƙirge daga goma zuwa ɗaya tare da jama'a, sannan ƙahoni su fashe da Freedom Sounds, kiɗan da aka ɗauka a Studio One tun zamanin da McCook ke jagorantar ƙungiyar.